Ƙofar gareji tana jan mutum da damina, yaya za a gyara wayarin?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Masana wuta a taimaka. Garejinmu na bulo ne, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, nisansa da mita zai kai taku talatin. Wayar da ke kai masa wuta irin ta rediyo ce, an jona ta daga soket ɗin ɗaki an ratso ta kan katanga. Ana ajiye mota, babur da jarkokin fetur a ciki. Da an yi ruwan sama, ƙofar sai ta riƙa jan mutum. Ina son ƙwai biyu da soket uku, saboda cajin batir da injin ba taya iska.

Mai Wayarin Gumel:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka cire wannan wayar yau, kada a bari sai an tara kuɗin gyara. Ƙofa ba ta jan mutum haka kawai. Rana ta gasa robar wayar ta tsage, ko bakin kwano ya yanke ta, ko ɓera ya ci, wuta ta hau rufi ta gangaro ƙofa. Da rani ƙasa a bushe take shi ya sa ba a ji sosai. Da damina, yaro mara takalmi a jiƙaƙƙen siminti, wutar bolt 230 tana iya kashe shi nan take.

A ja sabon layi daga akwatin rarraba wuta na gida, ba daga soket ba. Waya mai kauri 4mm ta jan ƙarfe, guda uku: mai wuta, nutural da wayar ƙasa, da bireka mai amfiya 20 a kanta. In akwai niyyar sa injin walda gaba, a sa 6mm da bireka 32 tun yanzu. A binne ta cikin bututun roba mai kauri, zurfin kamar rabin mita, a shimfiɗa yashi, a jera bulo a sama saboda mai haƙa da fartanya.

A cikin garejin a kafa ƙaramin akwati. Ƙwai su bi waya 1.5mm da bireka 6, soket su bi 2.5mm da bireka 16. Gaba da su duka a sa RCD, wato na'urar da ke yanke wuta in ta zurare, mai 30mA (miliamfiya 30). Wannan ita mutane ke tsallakewa don tsada, alhali ita ce mai ceton rai. Bireka waya take karewa daga ƙonewa, sai wuta ta wuce amfiya 16 ko 20 take faɗuwa, kuma abin da ke tsayar da zuciyar mutum bai kai ko kusa da amfiya ɗaya ba. RCD kuwa da ta ga wuta ta zurare ta wata hanya, a take take yankewa.

Injiniyan Hadejia:
Duk abin da Mai Wayarin Gumel ya faɗa haka yake, sai dai a ƙara maganar sandar ƙasa. A kafa sanda mai rufin jan ƙarfe, aƙalla ƙafa huɗu, shida ta fi, a wuri mai danshi kamar kusa da magudanar ruwa. A ɗaure wayar ƙasa a jikinta da maƙalin ƙarfe mai noti, kada a naɗe ta da hannu. Ƙasarmu rairayi ce, da hunturu tana bushewa ƙarau. Gawayi yana taimakawa wajen riƙe danshi, gishirin da ake zubawa kuwa yana cin sandar a hankali, kada a cika shi. Sannan a jona firam ɗin ƙofar da ƙarafan rufi da wayar ƙasa. Maɓallin gwaji na jikin RCD a riƙa danna shi lokaci-lokaci. In bai yanke wuta ba, ta lalace, a canza.

Bakanon Ƙauye:
Ni fetur ɗin nan ne ya fi tayar min da hankali. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Soket da makunni su yi sama, kamar daidai ƙirji, kada a sa ko ɗaya kusa da jarkoki. Mahaɗar waya da aka murɗe aka naɗe da salatif tana saki, ta yi zafi, ta yi tartsatsi. Kowace mahaɗa ta shiga akwati mai murfi. Da so samu ne, fetur ya koma wani ɗaki daban. Janareto kuma a waje, hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri. Kada a cusa wutarsa ta bakin soket, a sa makunnin sauya layi, domin in ba haka ba wutar tana komawa kan turakun kamfanin wuta na KEDCO ta kama mai gyara.

Ɗan Ringim:
Allah ya saka da alheri. Akwai ragowar waya 2.5mm a gida, ba za ta iya zama babban layin ba?

Mai Wayarin Gumel:
Bar ta wa soket, ranka ya daɗe. Wutar ƙauye dama rauni gare ta, in ta bi siririyar waya mai nisa sai ta ƙara raguwa, injin iska ya riƙa gurnani bai tashi ba har ya ƙone. Kuma ka kankare bakinta da wuƙa ka duba. In cikin fari ne, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, kada ta shiga bango. Aikin jonawa a akwati kuwa a ba ƙwararre, ya kashe babban makunni, ya gwada da na'ura ya tabbatar babu wuta kafin ya taɓa.