Rahoton ya ce ɗari za ta zama ɗari uku, mu sa hannu?

Sakatariyar kwamiti:
Assalamu alaikum. Wani kamfani yana neman filin al'ummarmu ya gina ɗakin taro da shaguna. Ya kawo wa kwamitinmu rahoton tasirin aikin ga tattalin arzikin yankin, shafi 60. Kwana biyu ke nan ina binsa da jan biro. A shafin farko an rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk 100 da aka kashe za ta zama 300, kuma za a samu ayyuka 400. Ta yaya ɗari ke haihuwa haka? Ranar Asabar za mu zauna, kuma ba na son in ɗaga hannu a kan abin da ban gane ba.

Tsohon malami:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Kuɗin da aka biya magini shi ne tasiri na kai tsaye. Shi ya sayi kaya wajen dillali, wannan na biyu. Ma'aikatansu su kashe albashinsu, na uku ke nan. Asalin wannan lissafi aikin masanin tattalin arziki Wassily Leontief ne, wanda ya sami kyautar Nobel a 1973 saboda teburin da ke nuna yadda kowace sana'a ke saye daga wata.

Amma ki ɗauki biron nan naki. A kowane zagaye wani kaso yana yoyo zuwa waje: kayan da aka shigo da su, haraji, ribar mai kamfani idan ba a nan yake zaune ba. In rabi ne ke tsayawa, 100 da 50 da 25 har ƙarshe 200 za su ba ki. Kafin a kai 300, sai kashi biyu cikin uku ya tsaya a kowane zagaye. Ƙaramin yanki da ke sayo kusan komai daga waje da wuya ya riƙe haka. Ki duba wane yanki suka auna. Sau da yawa alƙaluman ƙasa baki ɗaya ake ɗauka a ɗora wa ƙaramin wuri.

Ɗan kwangila:
Hajiya, ki tambaye su ayyuka 400 ɗin nan na yaushe ne. Mu in gini ya ƙare, mun tattara kayanmu. Wani lokaci mutum 200 na shekara biyu ake rubutawa 400. A raba miki na lokacin gini daban, na dindindin daban.

Sakatariyar kwamiti:
Malam, Allah Ya saka. Na samo bayanin yankin da suka auna a shafi na 47, cikin ƙananan rubutu a ƙasan tebur: alƙaluman ƙasa ne. Wallahi sau biyu na wuce wurin ban kula ba.

Ma'aikaciyar tsare-tsare:
'Yar'uwa, saura guda, kuma ni ita ta fi damuna. Wa zai kashe kuɗi a shagunan? In mutanenku ne da dama suke saye a tsofaffin shaguna, kuɗi bai ƙaru ba, an dai cire daga wannan aljihu an sa a wancan. Wannan ne ya sa masana a Amurka suka daɗe suna sukar rahotannin filayen wasa, domin mai sayen tikiti yawanci ɗan gari ne da zai kashe kuɗin a wani wurin ko babu filin. Manhajojin da ake yin wannan lissafi da su irin su IMPLAN abin da aka zuba musu suke ninkawa, ba sa tantance sabon kuɗi da tsoho.

Kada ki yar da rahoton, yana da amfani wajen ciniki. In sun rubuta ayyukan dindindin, ku nemi a sa adadin a yarjejeniya, da kason da za a ɗauka daga cikinku. Ku kuma tambaya wa ya biya kuɗin binciken, da abin da filin zai kawo in aka yi wani abin da shi.

Sakatariyar kwamiti:
Na rubuta duka. Zan roƙi shugaba a ɗage ƙuri'ar mako biyu, a kira wanda ya rubuta rahoton ya zo da kansa.