Me ya sa manyan gidajen kaza suke cika wasu garuruwa su tsallake wasu?

Ɗan_Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu zuwa Najeriya ku min bayani, na duba taswirar Chicken Republic a waya sai naga Legas duk ta cika da su kamar an watsa gero, Abuja ma akwai da yawa, Ibadan da Fatakwal haka, amma da ka hauro arewa sai su fara ƙaranci, Kano da Kaduna ɗaiɗaiku. KFC ma kusan haka ne, su ma Legas da Abuja suka fi zama. To meye dalili? Kano ba mutane ne babu ba kuma ba kuɗi ne babu ba. Ina tambaya ne don ni da wani yayana muna tunanin buɗe wajen soya kaza mai tsabta anan Garwa a arewacin Kamaru, in ya tafi daidai mu ƙara a Marwa da Ngaundere, shi yasa nake son in gane yadda manyan suke zaɓen gari.

Malam_Kamiyon:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni direban babbar mota ne a layin Duwala zuwa Njamena, to bari in faɗa maka ta ɓangaren da na sani. Kai kana kallon mutanen da zasu ci, su kuma suna kallon hanyar da kazar zata bi kafin ta iso tukunya. Irin waɗannan kamfanoni basa zuwa kasuwa da safe su sayi kaji goma a yanka musu, komai daga babban sito ɗaya yake fitowa, kazar da garin da ake turbuɗa ta a ciki da man suya da dankali har kwalin da ake zubawa, duk a motar sanyi ake rabawa rassa. Chicken Republic a Apapa suka fara a 2004, wato a bakin tashar jirgin ruwa ta Legas, KFC ma da suka shigo Najeriya a 2009 Legas suka sauka, don haka duk reshen da ya yi nisa da Legas kuɗin kai masa kaya ƙaruwa yake, kuma motar firigo ba kamar motar siminti bace da zata lalace a daji ta kwana uku kaya na nan lafiya, injin sanyin ya tsaya na wasu awanni a zafin watan Afrilu shikenan sai dai a zubar.

Yanzu ka ɗauko wannan lissafin ka ɗora a ƙasarmu. Jirgin ƙasa a Ngaundere ya ƙare, tun 1974 da layin ya iso can bai ƙara gaba ba. Daga nan sai kwalta, ka sauko gangaren dutsen da ake kira falez da birki a hannu, kilomita wajen 270 kafin Garwa, sannan Marwa, sannan ka shiga Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri wadda duk direba ya san abin da take yi wa taya da damina. Wane kamfani ne zai ɗauko danyar kaza daga kudu ya bi da ita nan saboda reshe ɗaya tak? Sai in zai buɗe biyar ko shida a kusa da juna yadda mota ɗaya zata sauke musu gaba ɗaya, shi yasa kake ganinsu a dunƙule a taswira.

Hajiya_Mai_Waina:
Malam direba ya faɗi gaskiya amma ya manta kuran, wato wutar lantarki. Mu nan arewa layin wutarmu daban yake da na kudu, madatsar Lagdo muka dogara da ita tun farkon shekarun 1980, megawat 72 ce in ruwa ya cika, in rani ya yi tsanani ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa unguwa. An ƙara na hasken rana a Gider da Marwa, ya ɗan taimaka, amma mai firiza biyar da injin suya dole ya ajiye janareto ya ware kuɗin gazuwal kullum, kuma duk a kan farashin cinyar kaza zai fanshe. Nawa zaka sayar da ita? Wa zai saya?

Injiniya_Ngaundere:
Ɗan_Garwa abin da ka gani a taswirar nan ba a Najeriya kaɗai yake ba, har Amurka da suke da hanyoyi da wuta haka abin yake. Akwai wani gidan burger da ake kira In-N-Out, a 1948 aka kafa shi a Baldwin Park cikin jihar Kalifoniya, mutane na layi a kansa sosai amma har yau babu shi a New York. Dalilinsu shine basa daskarar da nama, to basa buɗe reshe sai inda motarsu zata iya isa daga wajen sarrafa namansu cikin kamar yini ɗaya, da zasu shiga Texas a 2011 sai da suka tanadi wajen rarraba kaya a can. Kuma iyali ɗaya ne ke riƙe da shi basa ba wa kowa hayar sunan. McDonald's kuwa akasin haka, suna ba ɗan kasuwa izini ya buɗe da kuɗinsa ya riƙa biyansu kaso, shi yasa suka haura 13,000 a Amurka kaɗai, ko wane ƙaramin gari a bakin babbar hanya zaka same su.

To amma McDonald's ɗin nan da duk ƙarfinsu ka duba Afirka, Maroko suka shiga a 1992, Masar 1994, Afirka ta Kudu 1995, Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 har yau basu shiga ba. KFC kuma tun 1971 suke Afirka ta Kudu, rassansu a can sun kai wajen dubu, saboda akwai manyan gonakin kaji da zasu basu kaza mai nauyi iri ɗaya kowace rana. Wannan maganar nauyin mutane basa lura da ita, injin suyarsu an saita shi ne da mintuna, in kaza ɗaya ta fi wata girma wata zata ƙone wata bata dahu ba. Kajin gidanmu na Hausa duk daɗinsu basa shiga wannan tsarin, kowacce da girmanta kuma namanta da tauri.

Mu a Kamaru tun tsakiyar shekarun 2000 aka toshe shigo da daskararriyar kaza daga waje bayan gangamin da ƙungiyar farar hula ta ACDIC ta yi, kuma manyan gonakin kajin turawa sun fi yawa a yankin yamma wajen Bafusam, ba a arewa ba. To kafin ka yi maganar Marwa da Ngaundere ka fara tambayar kanka wa zai riƙa kawo maka kaji ɗari iri ɗaya duk sati ba fashi, har lokacin zafi da kajin gona ke mutuwa.

Ɗan_Garwa:
Kai injiniya ka sa jikina yayi sanyi wlh 😅 mu dama lissafin haya da kujeru da fenti kawai muka yi.

Sarkin_Tsire_Birketeri:
Ku dai kuna ta kiran sunayen turawa, ni kuma dariya nake. Wane gari ne a Kamaru babu mai tsire? Ka je Yawunde unguwar Birketeri da daddare ka ga manyan motoci a jere ana jiran soya wato tsire, ka je Duwala, ka je Bamenda, ka je Bertuwa, ko ina zaka samu ɗan arewa da tukubarsa da yajinsa da albasa, ɗanɗanon kusan ɗaya, ba kamfani ba manaja ba talla a talabijin. Mu daga arewa muka bazu zuwa kudu, su kuma daga bakin teku suke rarrafowa sama. Kuma sirrin shine abin da Malam direba ya faɗa amma a juye, mu bama ɗauko nama a firigo, saniyar ce take tafiya da ranta daga Adamawa a mota ko a jirgi, a yanka ta a garin da za a ci ta da asuba, kafin sha biyun dare an sayar an wanke tire. Yaro ya koyi aiki wajen maigidansa shekara da shekaru, in ya ƙware a sallame shi ya koma wata unguwa ya kafa tasa tukubar, wannan ba shine buɗe reshe ba?

Hajiya_Mai_Waina:
Sarkin tsire ka yi magana amma kar ka hana yaro neman nasa. Akwai masu son wajen zama mai sanyi su kai iyali ranar sallah ko bayan albashi, mata musamman, ba kowace mace ce zata tsaya a bakin tukuba cikin maza da hayaƙi ba. Kasuwar tana nan, ƙarama ce dai. Ni shawarata ɗana, ka saka shinkafa a jerin abincinka, ko a Najeriya su Chicken Republic da shinkafa dafa-duka suke jan mutane ba da kaza zalla ba, mutumin nan namu in bai ci shinkafa ko tuwo ba gani yake bai ci komai ba. Kuma ka rubuta a ƙofa cewa yankan musulmi ne, a bar mutane su ga mai yankan ma in da hali.

Malam_Kamiyon:
Ƙari ɗaya, in Allah ya sa na farkon ya kama, na biyun ka buɗe shi a cikin Garwa ɗin dai, ɗaya wajen babbar kasuwa ɗaya wajen tasha, yadda babur ɗaya zai kai musu kaya daga kicin ɗaya kuma kai da yayanka zaku iya leƙa kowanne sau biyu a rana. Marwa tafiyar kilomita 200 ce da ɗoriya, ba zaka san abin da yara suke yi da mai da canji ba sai ƙarshen wata.

Ɗan_Garwa:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Injiniya in ka san wani mai gonar kaji tsakanin Garwa da Pitowa da zai iya bada ɗari a sati ka turo min ta saƙo dan Allah, daga nan zamu fara.