Iskimiya: wane suna za mu ba ta da Hausa?

Jiya na yi wa wata tsohuwa tafinta a wani asibiti nan Jidda. Likita ya nuna hoton kan mijinta, ya ce "naƙsut tarwiya", wato abin da littattafan likitanci ke kira iskimiya. Na ce mata ƙarancin jini ne. Sai ta ce, "To ɗana, a ba shi zogale da hanta mana." Nan na gane na kwafsa. Ƙarancin jini wata cuta ce daban. Jinin Baba na nan, hanyar zuwa ƙwaƙwalwa ce ta toshe.

Larabcin ba baƙo ba ne a kunnenmu: ranar Tarwiya, 8 ga Zulhajji, ranar da alhazan dauri ke ɗibar ruwan guzuri. Maganar shayarwa ce.

Ita ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu, kowane giram 100 nata yana shan jini wajen mililita 50 a minti. In ya sauko ƙasa da 20, ƙwayoyin jijiya na ɓawon ƙwaƙwalwa sai su yi tsit: suna da rai, amma saƙo ba ya fita. In ya gaza 10, famfunan da ke fitar da sodiyam daga ƙwayar sun tsaya, ruwa ya shige ta, ta kumbura, gulutamet, sinadarin da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya, ya malale, kalsiyam ya kwararo ciki. Cikin 'yan mintoci ta mutu.

Wani ɗan'uwa daga Maiurno ta ƙasar Sudan ya ce mu ɗauko fari, irin na damina. Malam, ka faɗa da baki ka ji: "farin jini"! "Ƙishin jini" kuma sai a zaci ɗan ta'adda ake nufi. "Shanyewar ɓarin jiki" sakamakon ne, "jalɗa" da muke ara a nan kuwa gudan jinin da ya toshe hanyar.

Ni dai na tsaya a kan ƙamfar jini, yadda muke cewa ƙamfar ruwa: ruwa na duniya, unguwarku ce bai iso ba.

Wurin da ya yi tsit bai mutu ba, wanda masu bincike Astrup da Siesjö da Symon suka raɗa wa suna penumbra a 1981, mu ce yankin yaushi. Shuka mai yaushi tana miƙewa in an ba ta ruwa da wuri. Don shi ake gaggawar allurar narkar da jalɗa cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwon.

Da na ce wa Inna "yaushi", ba ta sake tambayar zogale ba. Ta ce, "Da asuba bakinsa ya karkace. Yanzu ƙarfe nawa?"