Waɗanda tsoro ya raba da gida: kowa ya faɗi abin da ya gani

Dattijon Gumel:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu yi maganar mutanen da ke kwana a tasha da rumfunan kasuwa da barandar masallaci a garuruwanmu. An saba cewa talauci ne ko taɓin hankali. Ni kuwa da na zauna da wasunsu, sai na tarar da yawa duka ne ko kisan da aka yi a gabansu ya fara fitar da su. Wanda abin ya taɓa shi ko nasa, ya ba mu labari. Kada a kama sunan kowa.

'Yar Gwoza:
Wa alaikumus salam Baba. Mu daga Gwoza muka fito a watan Agustan 2014, lokacin da Boko Haram suka kama garin. Muka tsaya Mubi, ita ma ta faɗa hannunsu a watan Oktoba, muka sake gudu har wani ƙauye kusa da Haɗeja. Mai unguwa, Allah ya saka masa, ya ba mu ɗaki biyu da gona aro. Kowa ya ce ai wahala ta ƙare.

To, mahaifina ya kasa kwana a ɗakin. A gabansa aka kashe ƙaninsa. Da an rufe ƙofa sai gumi ya karyo masa, numfashi ya gagara. Ya ji ƙarar babur da dare, sai ya yi daji ba takalmi. Ya koma kwana gindin darbejiya, daga nan ya koma tasha, wai can akwai mutane da fitila, yana ganin mai zuwa. Mutumin da ke jan mutane salla a unguwarmu, shi ne yara ke bi da jifa suna ce masa mahaukaci. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. Sai da wani maƙwabci ya kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure aka ɗora shi kan magani sannan ya dawo gida. Har yau ba ya yarda a rufe ƙofa, ko da sanyin hunturu, mu kuma mun daina matsa masa.

Mai Walda:
Ni ba yaƙi ya kore ni ba, mijin uwata ne. Bulalar roba, wani lokacin ya ɗaure ni a turken akuya. Ban wuce shekarun kaciya da nisa ba na gudu Wudil, ina dako ranar Juma'a a kasuwar kara, da dare in shige ƙarƙashin teburin 'yan tireda. Abin da nake so ku sani, dukan da na guda a gida shi na tarar a waje, har da abin da baki ba zai iya faɗa ba. Manyan yara su ƙwace kuɗinka, ka yi magana su fasa maka baki. Sholisho da kuke zagin yara a kansa, wallahi don barci ya ɗauke ni na fara shaƙa. Wani mai shayi ne ya riƙe ni, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, shi ya kai ni koyon walda.

Malamin Firamare:
Allah ya kyauta. Amma ni ina ganin wannan matsalar birni ce. A ƙauye wa zai rasa wurin kwana alhali yana da dangi?

Maman Biyu:
Malam, dangin ne suka mayar da ni. Duk lokacin da na yi yaji fuska a kumbure, sai Baba ya ce aure ɗan haƙuri ne, ya sa ƙanena ya raka ni. Ranar da mijina ya karya mini hannu na ƙi komawa, gidanmu kuma suka ce ba za su ajiye mai kashe aure ba. Na yi ta raɓe-raɓe da yara biyu, yau ɗakin girkin wata ƙawa, gobe zauren wata gwaggo. Ba wanda zai gan ni a tasha, amma ba ni da inda zan ce nan ne nawa. Daga baya na ji Jigawa ta yi dokar hana cin zarafi a 2021. A lokacin ba wanda ya gaya mini, dagaci ma haƙurin ya ba ni.

Ɗan Shanono:
Malam ya zo wajenmu ya gani. Tun da 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga Katsina a 2025, akwai ƙauyukan da mata da yara ke ɗaukar tabarma da magariba su tafi cikin gari kwana. Gidajensu na nan, rumbuna na nan. Yarinyata ta daina fitsarin kwance tuntuni, yanzu ya dawo.

Malamin Firamare:
Na ji, kuma na karɓa. Allah ya kawo mana ƙarshensa.

Ma'aikaciyar Asibitin Sha-ka-tafi:
Abin da 'Yar Gwoza ta kwatanta muna ganinsa sosai: mugun mafarki, firgita da ƙaramin motsi, gudun duk abin da ke tuna wa mutum ranar, saurin fushi da ke raba shi da masu riƙonsa. Ciwo ne, kuma ana samun sauƙi. Roƙona ɗaya, kada a kai irinsu gidan mari. Kun tuna waɗanda aka fito da su da sarƙa a Rigasa da Daura a 2019. Wanda ɗauri da duka suka lalata, ƙarin ɗauri ba zai gyara shi ba. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, a Jigawa akwai Kazaure. Ɗan Shanono, kada a daki yarinyar nan ko a yi mata dariya. Ta riƙa kwana kusa da mahaifiyarta, in abin ya ci gaba ku kawo ta a duba.