Neman shawara: daga filin jirgin Dubai zuwa tashar jirgin ruwa

Mai tambaya, daga Hotoro: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da maigida da mahaifiyarsa za mu shiga jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa da ke tashi daga Dubai a watan Janairu. Daga Kano za mu tashi, mu bi ta Addis Ababa. Abin da ya shige mini duhu shi ne yadda za mu je tashar jirgin ruwan daga filin jirgi, da kuma dawowa. Manyan akwatuna huɗu ne, ga Hajiya surukata ƙafa ta matsa mata. Tasi za mu hau, ko metro (jirgin ƙasa na cikin gari), ko mu biya motar kamfanin jirgin?

Wani ɗan Kantin Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar mota, buɗe tikitinku ki duba sunan tashar, domin guda biyu ne. Akwai Mina Rashid a ɓangaren Bur Dubai, kamar minti 20 daga babban filin jirgi idan hanya a sake take. Akwai Dubai Harbour can wajen Marina, kusa da Palm Jumeirah, tafiyar minti 30 zuwa 45 ta titin Sheikh Zayed. Idan kuka ce wa direba tashar jirgin ruwa kawai, zai kai ku wadda ya saba, kuma tsakanin biyun tafiya ce mai nisa. Ki nuna masa sunan a rubuce, da lambar ƙofar shiga da sunan jirgin.

Wata mai shirya tafiye-tafiye, Zoo Road: Ki cire metro daga lissafi. Layin bai shiga cikin ko ɗaya daga tashoshin ba. Tashar metro mafi kusa da Mina Rashid ita ce Al Ghubaiba, sai kun canza daga jan layi zuwa kore, kun fito, kun sake neman tasi. Ƙa'idarsu kuma jaka biyu ga kowane mutum, babba ɗaya da ƙarama ɗaya, ke nan akwati ɗaya ya yi muku yawa. Ranar Lahadi ma ba ya fara aiki sai ƙarfe 8 na safe.

Tasi ta fi muku. A layin filin jirgi ki ce wa jami'in babbar mota kuke so, mai kujera shida, don ƙaramar ba za ta ɗauki akwati huɗu ba. Mita na farawa daga dirhami 25, ana ƙara kuɗin Salik, wato harajin bin wasu manyan tituna, dirhami 4 ko 6 a kowace ƙofa gwargwadon lokaci. Duk wanda ya tare ku a cikin zaure yana cewa yana da mota, ku wuce shi. Tasi masu rufin ruwan hoda mata ne ke tuƙawa, ana ɗaukar mata da iyali, idan Hajiya ta fi sakewa da haka.

Wani malami daga Gwale: Ni dai ina ganin motar kamfanin ta fi kwanciyar hankali, tunda su ke da jirgin.

Ɗan Kantin Kwari: Malam, da sauƙi amma da tsada. Kuɗin kowane kai ake biya, mutum uku sun wuce kuɗin tasi ɗaya. Ga jiran bas ta cika, tsohuwa na zaune. Kuma idan jirgin sama ya makara, biyan kuɗin bas ba zai tsayar da jirgin ruwa ba. Abin da ke ceton mutum shi ne isa Dubai kwana ɗaya kafin ranar tashi. Jirgin da zai sauka Addis, tsaikon awa biyu a Kano ya isa ya sa ku rasa na gaba, ko ku isa akwati bai iso ba. Ku kwana a otal a Deira, da hantsi ku kira tasi ta manhajar waya ta Careem ko Uber.

Mai shirya tafiye-tafiye: Haka ne. A bakin tashar 'yan dako za su karɓi manyan akwatuna, ba za ku sake ganinsu ba sai a ƙofar ɗakinku, wataƙila bayan magariba. Saboda haka ku liƙa takardar shaidar kaya tun a otal, fasfo da biza da maganin Hajiya su zauna a jakar hannu. Keken marasa lafiya kuma a nema mata tun yanzu, a wajen kamfanin jirgin sama da na ruwa duka biyun. Bizar ma ki tabbatar mai shiga fiye da sau ɗaya ce, domin idan jirgin ruwan ya leƙa Doha ko Maskat kun fita ƙasar ke nan.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Ranar dawowa fa?

Ɗan Kantin Kwari: Amin. Rukuni-rukuni ake sauke fasinja, dubban mutane a safiya ɗaya, layin tasi yakan yi tsawo. Ga neman kaya, ga jami'an shige da fice, ga awa 3 da ake so ku isa filin jirgi kafin tashi. Kada ku yanki tikitin dawowa Kano na safe, ku nemi na bayan azahar ko na dare.