Allurar cikin ido da ake maimaitawa: ba ta lahanta ido?

Maman Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Masu ciwon suga da ruwa ya taru musu a retina, wato tantanin da ke can bayan ido, ana sa su allurar Avastin ko Eylea wata-wata, wani har sau goma ko fiye. Da yawa suna gudu bayan ta biyu, wai huda ido a kai a kai zai makantar da su. Don Allah masana, ina gaskiyar take?

Likitan Ido: Wa alaikumus salam, Hajiya. Hudar ba ita ce abin tsoro ba. Allurar siririya ce ƙwarai, maganin kuma ɗigo ne, mililita 0.05, wanda a Avastin yake ɗauke da miligiram 1.25. Ana kashe zafi da maganin ɗigawa, a wanke ido da aidin mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, sannan a shiga ta farin ido, milimita 3.5 zuwa 4 daga gefen baƙin ido. A wannan tazarar ba a taɓa retina ba, ba a taɓa madubin ido ba, kuma ramin kan rufe da kansa.

Abin da muke tsoro shi ne ƙwayar cuta ta bi allurar ta shiga ciki. Yakan faru kusan sau ɗaya cikin allura dubu biyu zuwa uku, kuma kowace allura da nata haɗarin, shi ya sa ba a sassauta tsafta ko a ta ashirin. Jan tabo a farin ido, jin kamar yashi, ko ganin ɗigo na yawo kwana ɗaya ko biyu, duk ba komai ba ne. Amma ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, gani na dusashewa, haske na damun mutum, musamman a makon farko, to a koma asibiti a ranar, ko da dare ne. Kada a tsaya sayen maganin ɗigawa a kemis.

Mai Haɗa Magani: Likita ya yi bayani, amma a ƙara da tambayar inda maganin ya fito. Avastin ba don ido aka yi shi ba, maganin ciwon daji ne, yana zuwa a kwalba mai miligiram 100, sai a rarraba shi cikin ƙananan sirinji. Nan ake yin ɓarnar. A 2011 a Miami ta Amurka mutane sun rasa gani saboda sirinjin da aka cika ba bisa tsafta ba, aka kuma sake ganin irin haka a Punjab ta Pakistan a 2023. Dole a ajiye shi a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a daskarar da shi. Inda wuta ba ta tsayawa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Araharsa kuwa ba aibu ba ce: wani babban bincike mai suna CATT ya nuna aikinsa ya yi daidai da na Lucentis, wani maganin allurar ido mai tsada, a ciwon retina na tsufa.

Malamar Jinya: Ƙari kaɗan. Mai yin allurar ya sa takunkumi, kuma a daina hira, domin ƙwayoyin cutar baki na iya sauka kan ido. A riƙa auna ƙarfin ruwan ido, don wasu yakan hau musu bayan allura da yawa, balle in mai sitiroid ce, wadda ke kawo yanar ido ma. Mai juna biyu, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye kwanan nan, ya faɗa kafin a fara.

Likitan Ido: Haka ne. Masu gudun nan kuwa, Hajiya, su ne suka fi shiga haɗari. Aikin maganin yakan ƙare cikin 'yan makonni, ruwan ya dawo, munanan jijiyoyin jini da ciwon suga ke haifarwa a retina su sake tsiro har su zubar da jini. In ido ya lafa, mukan ƙara tazara da mako biyu-biyu har ta kai mako 12, amma hoton retina ne zai nuna lokacin, ba jin sauƙin majinyaci ba.