Wai motocin Meziko ne suka karya kuɗin dakon direbobin Amurka?

Direban dogon zango: Jama'a, ni dai ina kan bakata. Tirelolin Meziko ne suka ɓata mana kasuwa. Makon jiya kwana biyu na yi a Laredo, garin Amurka da ke kan iyaka da Meziko, ina jiran lodi zuwa arewa. Dillali ya faɗi kuɗin da ko mai da inshora ba zai rufe ba. Na ce ya ƙara, ya ce akwai wanda zai ɗauka a haka. Kafin in gama shayi an ja bodin an tafi. Wa zai ɗauki kaya a wannan kuɗin in ba wanda albashinsa na can ƙetaren iyaka ba ne?

Tsohon ɗan ƙungiya: Gaskiyarka, ƙanena. Abin da ƙungiyar direbobi ta Teamsters ta hango ke nan tun da aka fara aiki da NAFTA, yarjejeniyar ciniki tsakanin Amurka da Meziko da Kanada, a 1994. A takarda an ce motocin Meziko za su shiga jihohin Amurka na kan iyaka a ƙarshen 1995, sannan ko'ina a ƙasar a shekarar 2000. Shugaba Clinton ya taka birki, ya ce lafiyar motocin da ta hanya ce damuwarsa. Da an bar ƙofar a rufe da ba mu zo nan ba.

Mai lissafi: Baba, ka ba da rabin labarin. A 2001 kwamitin sasanci na NAFTA ya yanke cewa Amurka ce ta saɓa alkawari. Shugaba Bush ya buɗe shirin gwajin shigowar motocin Meziko a 2007, majalisa ta yanke masa kuɗi a 2009. Meziko kuwa ba ta yi ƙasa a gwiwa ba, ta lafta haraji kan kayan Amurka na kusan dala biliyan 2.4, har da kayan gona. Manoman da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su suka sha wahalar. Dole ta sa gwamnatin Obama ta sake gwaji a 2011, aka buɗe ƙofa a 2015. Kuma kamfanonin Meziko da suka shiga wannan gwajin na biyu ba su kai 20 ba. Su ne za su karya kasuwar ƙasa guda?

Direban dogon zango: To wa ya ɗauke min lodi? Aljani?

Hajiya mai dillanci: Malam, bari in shigo, don wannan aikina ne kullum. Mafi yawan kayan da ke ƙetarowa ta Laredo mota uku ke jan su. Ta farko ta kawo bodin daga cikin Meziko ta ajiye a Nuevo Laredo, garin da ke ɓangaren Meziko na iyakar. Ta biyu, wadda aikinta kawai ƙetare gada ne, ta bi layin kwastan ta sauke a yadin da ke wannan ɓangaren, ta juya. Ta uku, ta Amurka, ita ke jan shi zuwa Dallas ko Chicago. Kamfanin Meziko ba ya sha'awar tura motarsa can ƙurya, domin sai ya sayi inshorar Amurka, kuma idan bai samu kayan komawa gida ba zai dawo fanko. Doka ta hana shi ɗaukar kaya daga wani garin Amurka ya sauke a wani.

Inda gizo ke saƙar shi ne bizar B-1, wato bizar ziyarar kasuwanci ta ɗan lokaci. Direba ɗan Meziko da ke riƙe da ita an yarda ya shigo da kaya, ya kuma fita da kaya. Amma akwai kamfanonin da ke da rajista a nan Amurka, da lambar Amurka a ƙofar mota, da ke ɗaukar waɗannan direbobi a kuɗi ƙasa da naku, su riƙa zagayawa da su cikin ƙasa makonni suna lodi da saukewa. Ina kyautata zaton irin wannan ce ta ja bodinka.

Tsohon ɗan ƙungiya: Ai duk kanwar ja ce, Hajiya. Baƙo ne a kan sitiyari.

Hajiya mai dillanci: Ba ɗaya ba ne, Alhaji. Mai motar ɗan gida ne, ribar ma a gida take kwana. Ko an soke izinin kamfanonin Meziko gobe, shi ba abin da zai taɓa shi.

Mai lissafi: Kuma in dai baƙunci ne laifin, me ya sa ba a ɗaga murya kan Kanada? Tun shekarun 1980 motocinsu ke shiga da fita. Bambancin albashi ne ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya, a faɗi haka kawai. Sannan kar a manta abin da ya faru bayan korona. A 2021 kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabo, kowa ya ci bashi ya sayi kan mota. Daga 2022 kaya suka ja baya, motoci suka yi yawa. Kamfanin dako na Yellow da ya durƙushe a 2023 da ma'aikata kusan 30,000, ba Meziko ce ta kayar da shi ba.

Direban dogon zango: Na ji, ban musa maka yawan motoci ba. Amma kai a ofis kake lissafinka. Ni da ke biyan kuɗin mota duk wata, idan mutum biyu cikin masu jiran lodi za su iya karɓar abin da ni ba zan iya ba, farashin kowa ya faɗi. Ba sai sun yi yawa ba.

Mai lissafi: Wannan kam na ba ka.

Tsohon ɗan ƙungiya: Shi ya sa na ji daɗin matakin da gwamnatin Amurka ta ɗauka a 2025, da aka ce direban da ba ya jin Turanci a sauke shi daga hanya.

Hajiya mai dillanci: Wannan matakin direba yake kamawa, Alhaji, mai kamfani ya kawo wani washegari. Kuma da yawansu suna jin Turancin da zai fisshe su. A duba takardar lodi mana: ina aka ɗauka, ina za a sauke, wace biza ce a aljihun direba. Sai dai mai duba mota a sikeli ba jami'in shige da fice ba ne, shi taya da birki da awannin tuƙi yake dubawa.

Direban dogon zango: Hajiya, tsakani da Allah, ke kina tambayar bizar direba kafin ki ba da lodi?

Hajiya mai dillanci: Ina duba rajistar kamfani da inshorarsa. Wanda za su ɗora a kan motar, sai dai in ji muryarsa a waya idan ya iso yadi.